Tattabarun Layi na Uku

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau ma ba su caka ba. Duka biyar ɗin.

Kwana tara ke nan ana sa tattabarun layi na uku a akwatin gwaji, suna fitowa yadda suka shiga. Akwatin nan ba abu ne mai wuya ba. Akwai 'yan tagogi biyu na gilashi, ɗaya ta nuna zobe, ɗaya ta nuna abu mai kusurwa uku. Tattabara ta caki zobe, ƙofar tsaba ta buɗe, ta ci. Ta caki ɗayan, fitila ta mutu, ta ɗan zauna a duhu. Shi ke nan. Biyar ɗin nan sun iya shi sarai kafin a yi musu aiki, ni shaida ne, Mai Tabo ma ba ta jira hoton ya gama fitowa. Sai aka ba su maganin barci, aka buɗe kansu, aka ƙona ɗan wuri a ƙwaƙwalwa wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, wai wurin da ido ke kai saƙo. Ana so a ga ko za su sake koyo, kuma cikin kwana nawa. Aikin gidan nan ke nan tun kafin a haifi masu yinsa yanzu.

Ɗaliba ce ta yi musu aikin da hannunta, kuma shi ne aikinta na farko. Wata bakwai tana kansu. Yau Dakta ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko shigo ba, ya ce mata, "Tsuntsun da aka ƙona daidai yana kuskure, amma yana caka. Wanda ba ya caka sam, hannu ya zarce. Na ba ki zuwa ƙarshen wata." In wata ya ƙare ba su caka ba, za a karɓe aikin, a cire sunanta daga masu karatu a gidan nan. Ta ce, "To, Dakta." Da ya tafi ta shiga ɗakin wanke kwanuka, ta buɗe famfo, ta daɗe.

Ni dai na share ƙasa. Shekara talatin da huɗu ina kiwon tsuntsayen gidan nan, ba a tambaye ni ba.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Fitilar akwatin ce. Tun da aka canja ta haskenta ya yi fari fat kamar na asibiti. Ta da ruwan ɗorawa ce, tsuntsu ya fi sakewa a cikinta. Zan gaya musu. Ban yi makaranta ba, baƙaƙen nan ma a jikin katin keji na koye su, tsohon Dakta da ya rasu yana nuna mini da tsinke, amma na san fitila.

Dokar gidan nan ita ce tsuntsun gwaji ya kwana da yunwa. Abin da ya samu a akwati, da ɗan awon da Ɗaliba ke zuba masa da yamma, iyakarsa ke nan. Sun ce tsuntsun da ya ƙoshi ba ya karatu. Ni ke auna su kowace safiya kafin kowa ya zo, don a tabbata ba su yi ƙiba ba.

Ta shigo da littafinta ta ce, "Baba, nauyinsu fa?"

Na ce, "Daidai."

"Ka ɗora su a sikeli?"

Na ce, "'Yar nan, hannun nan ya girmi sikelin da shekara talatin."

Ta yi murmushi ta rubuta. Haka kowa ke rubutawa. Haka Dakta kansa ya rubuta lokacin da yake ɗalibi a nan, da gashinsa cike da kai.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya

Ba su caka ba.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na dawo na tarar Auta ta ajiye wa uwarta abinci ta tafi shanya. Sau nawa zan faɗa? Tun da Tsohuwa, matata, ta faɗi wata biyar da suka wuce, rabin faranti kawai take gani. Ta cinye na dama tas, ta ce an yi mata rowa, ga na hagu nan cike yana kallonta. Juya farantin kawai ake yi. Na juya. Ta ce, "Au, ashe an ƙaro." Kullum haka take cewa, kullum da gaske take.

Bakinta ya karkace amma harshen na nan da kaifinsa. Ta ce, "Mai tattabaru, yau ma warin kashinsu ka kawo mini tsaraba?" Na ce wanda ya aure ta shekara arba'in ya saba da abin da ya fi wannan. Ta kai mini duka da hannun mai lafiya.

Auta ta shigo da rigar aikina a hannu. Ta ce, "Baba, wannan karo na uku ke nan ina wanke maka riga tsaba na zuba daga aljihu. Magudanar ruwa har ta fara tsiro." Na ce ta wanke abin da aka ba ta, ta bar bincike. Masu bincike sun ishe ni a wurin aiki.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Ba kowa yau sai ni da su.

Masu bincike da takarda suke tunawa, ni da kaina nake tunawa. Shekarar da rufin ɗakin nan ya yi yoyo, akwai wata shuɗiya a keji na goma sha ɗaya. Ita ma an yi mata wannan aikin. Ga tsaba a gabanta, ta kai baki ta caki gefe. Ta sake, gefe. Yini guda tana caccakar katako. Rana ta shida na same ta a kwance, kwano cike. A takarda an rubuta lamba da kwanan wata. Ni na wanke kejin.

Waɗannan biyar ɗin ma haka suka farka daga aiki. Mai Tabo, Gajera, Uwar Faɗa, Baƙin Wuya, da Shiru. A cikin caka huɗu, uku a gefe. Makon jinya an yarda in ba su a baki, ƙwaya ƙwaya, in buɗe da ɗan yatsa in tura. An ce in daina ranar da aka fara gwaji.

An ce.

Abin da mutum yake yi tsakanin ƙarfe shida da bakwai, kafin a buɗe ofis, ba lokacin aiki ba ne. 'Yan ƙwayoyi ne. Ba su kai a yi maganarsu ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyu

Ɗaliba ta canja fitilar saboda maganata. Ta zaga shaguna huɗu kafin ta samo irin ta da. Ba su caka ba. Uwar Faɗa ta shiga akwati ta gyara fiffike, ta sa kai a kafaɗa, ta yi barcinta.

Wataƙila tsabar ce. Wannan sabon mai kawo tsabar ban yarda da shi ba.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ina goge tire Ɗaliba ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Yarinyar ta rame, tabaranta har zamewa yake yi. Ta ce wata uku ta yi tana koyon aikin a kan matattun tsuntsaye kafin a bar ta ta taɓa mai rai. Ta ce uwarta ta gama gaya wa dangi kaf cewa 'yarta ta kusa gamawa. Ta miƙa hannunta a iska ta ce, "Duba, Baba, da ba ya rawa."

Sai ta ce, "Kai ka riƙe su ranar aikin. Ka ga ɗaruruwa. Don Allah gaya mini gaskiya, hannuna ya zarce?"

Na ce, "Allah ne masani."

Ta ce, "Haka ne," ta tashi.

Hannunta bai zarce ba. Na ga hannun mutum goma sha tara a ɗakin nan, zan iya jera su da sunayensu. Biyu ne kawai suka kai ta natsuwa, kuma Dakta ba ya cikin biyun.

Allah ne masani. Ji wata amsa. Tire ɗaya na goge sau uku.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Abin da masu binciken ba su sani ba, tsuntsayen nan suna koyo. Jar hulata suka gane. In na shigo da ita duka biyar su taso gaban keji. Shekaranjiya Auta ta wanke ta, na zo da baƙa, suka ja baya kamar ba su taɓa ganina ba, sai da na yi magana. Launi bai ɓace musu ba, siffa ce ta ɓace. Mai Tabo kuma juya kai take yi, ta dube ni da idon dama kaɗai, kamar wata da na sani. Wannan ilimi ne, da a ce za a rubuta. Amma wa zan gaya wa? In na faɗa, za a ce me suke nema a wurin mai jar hula?

Ƙarfe goma

Na wuce da bokiti, suka taso ruu. Ɗaliba ta ɗago kai ta ce, "Ikon Allah. Ni da nake ba su abinci ba sa yi mini haka." Na ce sabo ne. Bokitin ya kusa suɓuce mini.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na gaya wa Tsohuwa. Ba duka ba. Na ce akwai wani a wurin aikinmu da ya yi kaza da kaza.

Ta ce, "Wanin nan, jar hula gare shi?"

Na ce ana magana ta hankali.

Ta ce, "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mako biyu kana juyi a gado kamar an ɗora ka a wuta, ka hana ni barci. Je ka gaya wa Daktan naku."

Ba zan je ba. Ba sai an tara jama'a ake gyara ɓarna ba. Daga gobe na daina, yunwa ta dawo musu, su caka, yarinya ta samu aikinta, kowa ya riƙe mutuncinsa. Wa aka cuta?

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe shida da rabi

Na shiga da baƙar hula. Na zuba ruwa na fito.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe shida da rabi

Muryata suka ji, na yi tari. Gajera ta turo kai ta tsakanin waya har gashin wuyanta ya tuje. Na tsaya a baranda na zagi mai kawo tsaba, na zagi mai gyaran famfo, na zagi wanda ya ƙirƙiro akwatin. Ban ba su ba.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban ba su ba. Na tsaya na ga awon yamma. Suna cakar gefe, suna cakar gefe, amma suna dacewa, kuma kwanon ya ƙare tas. Ashe za su iya. Wannan ma ya ba ni haushi, ban san dalili ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Sun caka! Mai Tabo ce ta fara, ƙarfe tara da minti goma. Kafin sha ɗaya duka biyar sun caka. Kuskure suke yi, zobe da mai kusurwa duk ɗaya ne a wurinsu, amma suna caka kamar masu sassaƙa. Ɗaliba ta fito da gudu ta kama hannuna biyu, da tsintsiyar da komai, tana cewa, "Baba, addu'arka ce! Addu'arka ce!" Ta sayo mini lemo.

Ga lemon nan a kan taga. Haƙorina ba ya son sanyi.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya

Shiru ta dace bakwai cikin goma. Na ce ba sai an tara jama'a ba.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe uku

An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Dakta ya zo da takardun a hannu, wannan karon ya shigo har ciki. Ya ce kwana ashirin da uku ba caka ko ɗaya, sannan rana guda, cikin awa biyu, tsuntsu biyar su farka tare? Ya ce ƙwaƙwalwa ba ta warkewa da alƙawari. Ko dai an taɓa na'ura, ko an taɓa lambobi, ko an taɓa tsuntsayen. Ya ce, "Mutum biyu ke da makullin ɗakin nan."

Ɗaliba ta dube ni. Ba da zargi ba, neman ceto take yi.

Ya ce, "Kar ki dubi Baba. Baba ya riƙe mini tsuntsu ina ɗalibi. Shekara talatin da huɗu ko ruwa bai taɓa mantawa ba. In ya ce nauyinsu daidai ne, daidai ne."

Ranar Alhamis za ta tsaya gaban mutum uku. Da cewa aka yi hannunta ya zarce, sai ta nemi wani wuri ta sake farawa. Yanzu cewa ake yi ta yi maguɗi. Wanda aka kora da wannan sunan, babu gidan bincike da zai sake buɗe masa ƙofa. Na ga an yi wa wani haka, shekarar da aka sare bishiyar bakin gate... bakin ƙofar shiga. Yanzu taya yake faci.

Ina tsaye da tsintsiya. Dakta ya dafa kafaɗata da zai fita.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe bakwai

Wa ya ce ya yabe ni? Na roƙe shi?

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na hau bene har ƙofar ofishin Dakta. Sakatariya ta ce, "Baba, lafiya? Ko albarka ka kawo mana?" Na ce kwandon shara na zo dubawa. Na duba kwandon shara. Na sauko.

Matakala ashirin da biyu ce. Gwiwata ta san kowace.

An karɓe makullin Ɗaliba. Tana zaune a benci a baranda da littattafanta, tana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya da fensir, tana neman inda ta yi kuskure. Ba za ta samu ba. Ta gaishe ni har da russunawa.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na juya wa Tsohuwa faranti, ta ƙi ci. Ta ce ba ta cin abinci daga hannun matsoraci. Auta ta ce, "Inna, mene ne haka?" Ta ce, "Fita, maganar manya ce."

Na ce mata in na faɗa, ba aikin kaɗai zan rasa ba. Duk abin da na taɓa cewa a gidan nan ya zama abin shakka. Duk tsuntsun da na auna. Mutum bai da takarda, bai da digiri, abu ɗaya gare shi, in ya ce kaza ne a ce kaza ne. Shi zan je in zubar?

Ta ce, "Ai ka riga ka zubar. Sanarwa ce ta rage."

Na ce ba ta san aikin ba.

Ta ce, "Ni rabin duniya nake gani, an ce ciwo ne. Kai naka mene ne sunansa? 'Yar mutane ce fa. In Auta ce?"

Na fita tsakar gida. Da na dawo ta cinye na dama, ta juya farantin da kanta. Wata biyar ba ta taɓa yi ba.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban ƙwanƙwasa ba. Su uku a bayan tebur, Dakta a tsakiya, Ɗaliba a kujera ita kaɗai a gabansu. Wata mai gilashi a wuya ta ce, "Malam, ana taro." Na ce na sani, taron nawa ne.

Na shirya magana tun a hanya, ta gudu. Sai na sa hannu a aljihu na kwaso tsabar da ke ciki na zuba a kan takardunsu. Tun da na daina ban iya fita ba tare da ita ba. Ta gangara har ƙasa.

Na ce, "Ni nake ba su. Kowace safiya, a baki, har su ƙoshi. Ban ɗora su a sikeli ba ko sau ɗaya. Ranar sha huɗu na daina, ranar sha bakwai suka caka. Yarinyar nan ba ta taɓa komai ba."

Dakta ya cire tabarau. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka ce in daina."

"Su kaɗai? Ko akwai na baya?"

Na ce su kaɗai. Na ce zan iya lissafa masa duk tsuntsun da ya ratsa ɗakin nan, da kejinsa da shekararsa, babu wanda na ƙara wa ƙwaya ɗaya.

Ya ce, "Ta yaya zan sani, Baba?"

A hankali ya faɗa. Gara da ya yi ihu.

Ya ce, "Shekara talatin da huɗu. Me ya sa yanzu?" Farantin Tsohuwa na tuna, amma wannan ba maganar ofis ba ce.

Ban dubi inda Ɗaliba take ba. Na ji dai kujerarta ta motsa, na ji ƙofa.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe goma

An karɓi makullina. Ba kora ba ce, in ji su, hutu ne da ya daɗe da kamata. Sakatariya ta ba ni takarda in sa hannu, ta nuna mini wurin da yatsa kamar ban iya karatu ba. Na karanta mata layin farko da ƙarfi.

An janye maganar maguɗi. Amma Dakta ya ce sakamakon biyar ɗin ya lalace, ba shi da amfani, kuma har yanzu ba a san ko hannunta ya zarce ba. Hanya ɗaya ce, a buɗe kawunan a duba. Litinin. Dama can ƙarshensu ke nan, na sani, duk na layin gwaji nan suke ƙarewa. Sai dai da sun kai ƙarshen shekara.

Na roƙi abu ɗaya, a bar ni in riƙe su. Ya ce ba shi zan tambaya ba, tsuntsayenta ne.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Ɗaliba ta yarda. Ta bakin sakatariya.

Na sa jar hula. Na riƙe su ɗaya bayan ɗaya, ita tana yin allurar. Ba mu yi magana ba sai "kawo" da "ga ta". Da na ɗauki Gajera na ji nauyinta, bakina ya buɗe zai faɗi lamba. Ta miƙo sikeli ba tare da ta dube ni ba. Na ɗora. Na yi kuskure da giram goma sha biyu.

Hannunta bai yi rawa ba.

Asabar, 12 ga sabon wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗaliba ta zo gida. Ban san wa ya kwatanta mata ba. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina yanke wa Tsohuwa farce, sai ga sallama. Auta ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Ɗaliba ta gaida Tsohuwa da kyau, ta tambayi jiki, ta zauna ta ɓangaren hagu. Na ce ta koma dama in tana so a gan ta. Ta dubi Tsohuwa, ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta koma dama.

Ta ce an duba kawunan. Duka biyar ƙunar tana inda ya kamata, ba ta zarce ba ko da gashi. Dakta ya ce bai taɓa ganin aikin farko mai tsabta haka ba. An bar mata gurbinta. Za ta sake daga farko da sababbin tsuntsaye, wata bakwai ɗin sun tafi, 'yan ajinta za su gama su bar ta.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ai na san hannunki bai zarce ba."

Ta ce, "Na san ka sani, Baba. Ranar da na tambaye ka ma ka sani."

Tsohuwa ba ta cece ni ba. Farcenta take dubawa.

Na ce sababbin tsuntsayen, in an yi musu aiki, ta sa musu kwano mai zurfi, kuma ta lura da launi, don launi ba ya ɓace musu. Na gaya mata maganar hula. Ta saurara har na gama. Ta ciro ɗan littafi daga jaka ta rubuta, ta tambaye ni rana nawa, tsuntsu nawa, da wane ido. Na faɗa mata duka, ban manta ko ɗaya ba.

Ta rufe littafin ta ce, "Zan gwada in gani."

Da, in na faɗa, rubutawa kawai ake yi.

Ta yi wa Tsohuwa sallama. Na raka ta bakin titi, ta ce in koma, rana ta yi sanyi. Ruwan na nan a kan tabarma yadda Auta ta ajiye shi.